Sha Biyar Ga Wane Wata?

Kakar bana ta cika shekara tara da rasuwar maigidana. Sunansa bai fito daga bakina ba yana raye, ba kuwa zai fito yanzu don ya shiga jarida ba. Gari na kiransa Sanƙira, don shi ne mai shelar ƙauyenmu shekara talatin da 'yan kai, kuma da wannan sunan zan kira shi. Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan. Ina faɗi ne, ɗiyata Rabi da ke aure Konni tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ta ga ta yi kaushi.

Ana tsakiyar ɗaurin hatsi ya rasu, bayan jinyar kwana shida. Shi ya sa kowace kaka, da na ga an fara jera damma a gonaki, sai in ji kamar zan ji ƙarar ƙarfensa daga ƙofar masallaci. Wani guntun ƙarfen mota ne da ya tsinta bakin kwalta wajen Tsarnawa, ya huda shi ya sa masa igiya. Sau uku yake bugawa, ya dakata har kaji su yi shiru, sannan ya ce, "Ku ji, ku kai wa wanda bai ji ba." Ƙarfen na nan rataye a ɗakina. Ba wanda ya sake buga shi.

Shi ma bai san baƙi ba, ba na boko ba, ba na ajami mai yawa ba. Amma duk takardar da ta fito daga hukuma, tun ana aiko ta daga gidan sarki har anka kafa meri, ofishin magajin gari, ta bakinsa take shiga gari. Ranar da yara za su koma lakwal, ranar da masu allurar dabbobi za su zo, gayyar cike hanya inda ruwan damina ya yanka, share ciyawa kewaye da rumbuna saboda gobara, kokawar bayan girbi. Ba ya yarda a aiko masa da magana ta bakin wani. Sai ya hau jakinsa ya tafi buro, ofishin hukuma, ya zauna gaban sakatare da hularsa bisa gwiwa, ya sa a karanta masa takardar sau uku. Da an zo wurin rana sai ya ɗaga hannu.

"Sha biyar ga wane wata? Na buro ko na sama?"

Ya ba ni labarin wani sakatare sabon zuwa da ya ce masa, "Baba, wata ai wata ne."

Ya ce, "A'a, ɗana. Naka ƙusa ke riƙe da shi ga bango. Namu sai an ɗaga kai."

Daga nan sai su zauna su ƙirga da yatsa har ya san kwana nawa ne daga ranar. In ya dawo gari ba za ka ji lamba a bakinsa ba. Cewa yake, kasuwarmu biyu za ta ci, sannan Larabar da ke bi mata. Wuri uku yake tsayawa: ƙofar masallaci, wurin mahauta, da bakin rijiya. Maza sukan yi masa ba'a a kan rijiyar, wai wanka yake zuwa kallo. Shi kuwa cewa yake in maza kaɗai sunka ji to rabin gari bai ji ba, don namiji kafin ya kai ƙofar gidansa ya manta rabi ya ƙara rabi.

Cikin duk shelar shekara, ba wadda ke hana shi cin tuwo kamar ta sakin gonaki. Ga wanda ya girma birni, ita ce ranar da hukuma ke yankewa bayan girbi. Kafin ta, in dabba ta shiga gona ɓarna ce, makiyayi ke da laifi. Bayan ta, gona ta zama makiyaya, duk abin da manomi ya bari a ciki shi ya jiyo. Rana ɗaya ce, amma an sha zubar da jini a ƙasar nan a kanta.

Bayan gonarmu akwai wani fako, kusa da burtalin da shanu ke bi. Nan rugar Arɗo Bello ke sauka kowace kaka in sun gangaro daga arewa, tun kafin a kawo ni gidan nan. Shanunsu su ci karanmu, su bar mana taki, matansu su kawo nono mu ba su hatsi. Sanƙira ba ya yi musu shela daga nesa. Kafin ya je, sai ya kwana biyu yana zaga gonaki da ƙafa, yana murza kan dawa, yana fasa kwanson wake da farce. Sannan ya yanko kaba ya yi mata ƙulli, kwana ɗaya ƙulli ɗaya, ya kai wa Bello hannu da hannu. Kowace safiya Bello ya kwance ɗaya. Ranar da kaba ta miƙe, shanu su shiga.

Na raka shi sau da dama, don ina da ƙawa cikin matan rugar. Da Bello ya hango shi sai ya fara.

"Ga Kaɗo da igiyarsa. Nono ya kawo ka, kada ka fake da kaba."

"Na zo in koya maka ƙirga ne, Bafillace. Shekara nawa kana kiwo, ba ka san yawan shanunka ba."

"Mai baƙin ciki ke ƙirga shanu. Zauna."

Sai sun sha nono sun gama zagin juna sannan Sanƙira ya rage murya. Ya ce hukuma ta ce rana kaza, ga ƙullinta, amma gonar wance gwauruwa ce, ba ta da mai taya ta, dawar wane kuma shukar baya ce. "Ƙara mini ƙulli uku a wannan gefen." Bello ya yi ta gunaguni, ya ce shanunsa sun rame, ya ce Haɓe ba su da tausayi, a ƙarshe ya ƙulla da hannunsa. Wannan ƙulli ukun ba ya cikin kowace takarda. Ban taɓa jin an yi faɗan gona a ƙauyenmu ba duk tsawon shekarun nan, kuma na san mutanenmu, ba haƙuri ne ya yi musu yawa ba.

Da ya rasu, maigari ya ba wani shelar. Ya yi shekara biyu ya tafi ci-rani, bai dawo ba. Daga nan anka ce ba sai an nemi wani ba. Meri na liƙa takarda ga bango, rediyo na faɗi, ana kuma aiko murya cikin salula. Ban ce ƙarya suke ba. Maganar da Sanƙira ke kwana uku yana yawo da ita, yanzu kafin a sauke tukunya ta kai Illela ta kai Malbaza. Shekara shida muna haka, Allah na rufa asiri, don Bello ya san gonakin da ke jinkiri, yana kauda shanunsa da kansa. Sai idonsa ya fara mutuwa, kiwo ya koma hannun ɗansa Buba.

Bara abin ya faru, kuma a gonata.

Akwai wani irin wake da Sanƙira ya bari, fari, mai manyan ƙwaya, wanda ya gada wurin uwarsa. Ba ya sauri. Sai kowa ya gama roron nasa sannan shi ya fara bushewa. Ina shuka shi a gefen da ke kallon burtali, inda shi yake shukawa. Wata safiya ina bakin rijiya, maƙwabciyata ta kunna mana saƙon meri a salularta. Muryar wani saurayi ce, Hausarsa tsaf, ba abin da ban gane ba. Ya ce za a saki gonaki ran sha biyar ga wata. Da magariba na fito tsakar gida na ɗaga kai. Wata kwana uku gare shi. Na ce a raina saura kwana sha biyu, wakena kuwa mako guda yake nema, akwai sarari. Ban tambayi kowa ba. Ni da na yi shekara arba'in da mutumin da bai taɓa barin wannan tambaya ta wuce shi ba, ban tambaya ba.

Kwana biyar bayan haka na tafi gona da hantsi in duba. Tun daga nesa na ga ƙahoni. Shanu sun fi ƙarfin ido, sun bazu cikin waken, wasu na ci wasu na takawa. Na ajiye kwando na yi kururuwa. Wannan ina so Rabi ta rubuta shi yadda na faɗa: ni na yi kururuwar, da bakina, ba wanda ya sa ni.

Buba ya sheƙo da gudu. Mutum ne mai 'ya'ya yanzu, amma ni na san shi tun yana goye, na sha dama masa fura. Ya ciro salula yana nuna mini.

"Inna, yau sha biyar. Duba, wallahi yau ne."

Na ce, "Wane sha biyar? Wata kwana takwas gare shi. Ka ɗauke ni mahaukaciya?"

Yana ta miƙo mini gilashin nan mai lambobi, ni kuwa lambobin da tururuwa duk ɗaya ne a idona. Kafin mu gama, maza sun iso da sanduna. Ina da ido, kuma ba na mantuwa. Cikin waɗanda sunka zo akwai masu salula a aljihu, akwai wanda shekaranjiyar ranar na ga yana gaggawar kwashe karansa da amalanke don ya san ranar ta matso. Sun san Buba ke da gaskiya. Ba ɗaya da ya buɗe baki ya ce, Inna, watan buro ake nufi. Kowa da tsohon haushinsa ya zo, kururuwata ta ba su ƙofa. Sunka fasa wa Buba kai, sunka karya masa hannu. Wata saniya mai ciki ta karye a guje, dole anka yanka ta a wurin. Ina ta cewa ku bari, ku bari, amma muryar da ta tara su ba ta iya watsa su ba.

Da azahar jandarma sunka zo, anka kai Buba likita. Babbansu ya karanta takardar meri a ƙofar maigari ya ce makiyaya ba su karya doka ba. Ya juyo wurina, ba da faɗa ba.

"Inna, ba ki ji sanarwa ba?"

Na ce na ji.

Ya ce, "To?"

Ina zan fara yi wa mai kaki bayanin cewa wata biyu ne a ƙasar nan, kuma mutumin da ke haɗa su ya mutu?

Washegari Bello ya zo, yana dogara sanda, yana laluben hanya. Ya tsaya ƙofar gida. Na shimfiɗa tabarma bai zauna ba, na kawo ruwa bai karɓa ba. Ya ce, "Matar abokina, da an kawo mini kaba, da ban bar su sun shiga ba."

Na san abin da ya kamata in ce. Kalma biyu ce, ka gafarta. Tana bakina. Amma daren jiya ban ga komai ba sai waken nan a ƙarƙashin kofato, kuma ni mace ce mai taurin harshe, kowa ya sani. Abin da ya fito shi ne, "Waken nan kaɗai ya bar mini."

Sannan ya ce, "Ni ma Buba kaɗai gare ni." Ya juya. Kwana uku bayan haka fako ya zama wayam.

Tun daga ranar nake tambayar kaina mi Sanƙira zai ce in ya leƙo. Ba zai zagi salula ba, na san shi. Mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara sayen rediyo a unguwarmu, har yakan gyara wa mai labarai magana kamar yana jinsa. Abin da zai tambaya shi ne, wa ya taka da ƙafarsa? Wa ya je gonar ya fasa kwanso? Wa ya zauna a ruga har anka ba shi nono? Saƙon yanzu na isa kunnen kowa, amma ba ya tsayawa ya ga fuskar wanda ya ji, balle ya gane tsohuwar nan ta ɗauka bai-bai. Sanƙira in ya gama shela bakin rijiya sai ya nuna mace ɗaya ya ce, ke, maimaita mini. In ta kuskure ya sake daga farko, ana dariya.

Zai kuma ga abin da ba zai so ba, kuma ba buro ya yi mana shi ba. Yanzu kafin ranar sakin gonaki ta zo, an riga an share su kamar tsakar gida. Kara, harawa, har ganyen da ya faɗi, duk a loda a mota a kai Konni a sayar. A ce an saki gona, makiyayi ya shigo ya tarar da ƙasa tsirara. Burtalin da shanu uku ke jerawa a da, yau da ƙyar ɗaya ta wuce, kowa ya ci kunya biyu uku daga gefensa, har da ɗana Isa, na gani, na kuma faɗa masa. Samari na gama ɗaurin hatsi su hau mota su tafi ci-rani, bana ko gangar kokawa ba a buga ba don ba masu kamawa. Nonon da ake damawa a gidajenmu na gari ne, daga leda. Gonata kuwa, da ba ta ga taki ba, hatsinta bana kawunan kamar yatsa. Ina kallon duk wannan. Ba mai tambayata, amma ina kallo.

Da anka fara maganar sakin gonakin bana, ban jira rijiya ba. Na hau kabu-kabu, abin da na rantse ba zan yi ba, na tafi meri. Wata yarinya ce a teburin, da lulluɓinta da tabarau. Na ce ta karanta mini takardar. Ta karanta. Na ce ta sake. Ta dube ni ta sake. A na uku na ɗaga hannu na ce, "Ga wane wata? Na buro ko na sama?"

Ta yi dariya, sai kuma ta daina. Ta ce, "Inna, tun da na fara aiki nan ba wanda ya taɓa tambayata haka." Ta danna salularta, ta ƙirga, ta ce ya yi daidai da kwana uku ga watan sama mai kamawa, ko huɗu in ya ƙi tsayawa da wuri. Yarinyar kirki ce, har bakin hanya ta rako ni. Ashe amsar tana cikin salular tun bara. Tambayar ce babu.

Na dawo na faɗa bakin rijiya, na sa mata biyu sun maimaita. Sunka yi ta dariya wai Inna ta gaji Sanƙira, saura ƙarfe. Ban kula su ba. Na yanko kaba biyu na ƙulla. Ɗaya na kai wa maigari, ya karɓa yana jujjuya ta kamar abin wasan yara, ya ce an gode. Ɗayar na ɗauka na tafi fako. Na san ba kowa, amma na je. Duwatsun murhu na nan uku uku, da tsohon kashin shanu da ya farfashe, da turken maruƙa ɗaya da sunka manta. Na tsaya da kaba a hannu har rana ta dame ni, na dawo da ita.

Na sa an tambaya mini kasuwar Dogarawa, na sa an tambaya Tajaye. Wani ya ce sun tsallaka iyaka. Wani ya ce ya gan su arewa da Illela. Wata mai nono ta ce ta ji Bello ya rasu da bazara, wata ta ce ba shi ba ne, wani Bello ne. Ban san wadda zan kama ba.

Makon jiya Isa ya shigo ya ce, "Inna, mai mota ya zo neman kara. Naki kaɗai ya rage tsaye duk yankin, mutane na magana."

Na ce su yi.

Ya ce, "Wa kike ajiye wa? Ba za su dawo ba, Inna. Ko ni ne ba zan dawo ba."

Na ce masa karan ubansa ne, ya fita mini daga ɗaki. Ya fita. Na san maganarsa ba ta rasa gaskiya ba.

Mi ya rage na Sanƙira bayan shekara tara? Ƙarfe ga bango, wanda tsatsa ta fara ci. Waken da na tsince ɗaya ɗaya daga sawun shanu bara, bai cika tafin hannu biyu ba, na shuka shi bana ya ba ni abin da zan sake shukawa, ba na ci ba. Jikokinsa ba su san muryarsa ba. Aikin da ya yi shekara talatin yana yi ba ya barin alama, don faɗan da bai faru ba ba wanda ke tunawa da shi. Ni kaina da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, na ɗauka yawo ne da son shan nono. Sai da na ga jinin Buba bisa harawar wake na san abin da mutumin nan yake ɗauke da shi a guntun kaba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe mini ƙorafin da na sha yi masa in tuwo ya huce yana ruga.

Rabi ta ce jarida na zuwa inda ƙafata ba ta zuwa, ana kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba. Shi ya sa na yarda. Mace ba ta buga ƙarfe a garinmu, ban kuwa buga ba, amma ku ji, ku kai wa wanda bai ji ba. Duk wanda ya san inda rugar Arɗo Bello take, mai ɗa Buba wanda hannunsa na hagu ya karye bara, ya gaya masa ranar bana kwana uku ce ga watan sama mai kamawa. Ya gaya masa karan gonar Kaɗo na nan tsaye, ba a taɓa ko ɗaya ba, an kuma riga an roro waken. Ya gaya masa matar abokinsa ta ce ya gafarta. In Bello ba ya duniya, a faɗa wa Buba.

Kabar tana ƙarƙashin matashina. Yau da safe na kwance ɗaya, saura tara.